Abin da Malam Ya Buga Ranar da Baffa Ya Zo

Mijina mai buga tafireta ne. Tun kafin a kai ni ɗakinsa yake wannan aikin, da farko a Miga, daga baya aka dawo da shi Dutse muka zauna a Takur, har ya yi ritaya. Ba ya kallon hannunsa in yana bugu. Sai ya juyo yana yi maka hira, yatsun suna ta aikinsu su kaɗai. Malam nake ce masa ko da yake bai taɓa koyar da kowa ba, haka na tarar ana kiransa a ofis, ni ma na ɗauka.

Ciwon ya same shi da hantsi, yana zaune a tsakar gida da kofin koko a hannu. Kofin na ji ya faɗi. Hawan jini ne, ɓarin dama ya shanye, harshe ya mutu a baki. Sati uku muka yi a asibiti aka sallamo mu. Hankalinsa garau yake, duk abin da aka faɗa yana ji, amma in ya so magana sai wani gurnani ya fito, shi kansa ya ji kunyarsa ya yi shiru. Idon kuwa dama tun kafin ciwon yanar ido ta rufe shi, haske da duhu kawai yake bambancewa. Mun ba shi biro a hannun hagu, sai ya riƙa ɗora rubutu kan rubutu, ba mai iya karantawa.

Ni mai surutu ce, kowa a layinmu ya sani. Sai na zama bakin mutum biyu. Ina tambaya ina amsawa. Ruwa ne? Fitsari? Bayanka ne ya gaji? In na dace ya lumshe ido, in ban dace ba ya ci gaba da kallon rufin ɗaki. Akwai ranar da na yi ta jero abubuwa har la'asar, ashe tururuwa ce ta shiga rigarsa.

'Yar farinmu, wadda ba na kama sunanta, malamar makaranta ce a Aujara, ran Asabar take zuwa. Ita ta yi tunanin da ba wanda ya yi. Ta zo da tablet, irin babbar wayar nan mai faɗin faranti, da kibod, wato allon bugu irin na tafireta, marar igiya, da wani ɗan abu mai ƙusumbi da ta ce sunansa maus, wai ɓera ke nan da Turanci. Na ce a gidan da nake kwana ina faɗa da ɓeraye za a kawo mini wani da kwali. Ta ce, "Inna, Baba ya san inda kowane harafi yake ko a duhu. Bakinsa ne na kawo."

Ina tsaye ta haɗa su. Ta sa batir, ta juya kibod ɗin, ta danna wani ɗan madanni a ƙasansa ta riƙe, sai wata shuɗiyar wuta ta fara ƙiftawa. Ta ce yauwa. Ta shiga cikin tablet ta taɓa nan ta taɓa can, duk da Turanci, ta ce bulutut ake kunnawa, shi ne igiyar da ba a gani. Sai lambobi suka fito, wai sai an buga su a kibod kafin su yarda da juna. Ta ɗora wa ubanta a cinya ta karanto masa. Na ga hannun hagunsa yana lalube, ya samu ɗan tudun da ke kan wani harafi, daga nan ya gane wurinsa. Ya buga lambobin bai ɓata ko ɗaya ba.

Ta buɗe masa farin shafi, ta ƙara wa haruffan girma saboda ni, don karatuna na aji uku ne, sai na haɗa baƙi da baƙi a baki kafin kalma ta fito. Wata biyu rabon da mu ji maganarsa. Ya daɗe yana bugawa da yatsa ɗaya, na karanta a hankali: miyar ba gishiri. Yarinyar ta fita waje da gudu tana dariya tana kuka. Na ce masa likita ne ya hana, in yana da ƙara ya kai can.

Maus ɗin ni ta ba, don hannuna kullum da ruwa ko mai, gilashin ba ya jin taɓawata. Ta ce in ina shakka ko sun haɗu, in motsa shi, in na ga 'yar kibiya tana yawo a gilashi to bulutut a kunne yake. Na ji ta sarai, kunnena ba ya zubar da magana. Amma abin bai taɓa ba mu matsala ba, sai na jefa ɓeran cikin wata samira a saman kabad na manta da shi.

Haka muka yi kusan wata biyu. Kibod yana cinyarsa a ɗaki, tablet yana jingine a bakin kicin inda nake. Ina tuƙa tuwo sai in ga rubutu yana fitowa. Juya ni. Ƙafata. Wa ya yi sallama. Wani lokaci tsokana ce kawai, ya ce ya ji na fasa kofi, ko in rage muryata maƙwabta na da jariri. Ba ya iya dogon bugu, in ya yi layi biyu sai hannun ya ɗau rawa, ya yi gumi kamar wanda ya yi noma.

Malam yana da wa, shi ne babba a gidansu, yana can ƙauyensu bayan Miga da shanu. Baffa yara ke ce masa, ni ma haka. Shi ya goya Malam bayan rasuwar uwarsu. A gidansu ƙani ba ya ce wa yaya a'a ido da ido, matar ƙani kuma ba ta zama ɗaki ɗaya da shi, daga bakin ƙofa take gaisuwa a durƙushe. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Baffa ya zo dubiya sau biyu, duk biyun ya tafi da magana ɗaya: an ajiye masa ɗan'uwa a ɗakin siminti yana narkewa, a bar shi ya kai shi gida, akwai mai maganin da ya tayar da wasu, ga madara, ga iska. Yarinyar ta ce a'a, ga gashin ƙashi da ake yi masa a asibiti duk sati, ga masu auna jininsa a kusa. Da aka ja, Baffa ya ce to, tunda an ce yanzu yana magana da injin, zai zo ran Laraba da mota a tambayi mai jikin. Abin da ya faɗa shi za a yi.

Na tambayi Malam tun kafin ranar, ba sau ɗaya ba. Amsa ɗaya yake bugawa: sai Yaya ya zo.

A satin ne taransifomar unguwarmu ta ƙone. Ran Talata tablet ya mutu, na yafa mayafi na kai shi shagon caji na bakin titi. Mai shagon dattijo ne mai kirki. Al'adarsa, duk wayar da aka kawo in ta farfaɗo sai ya kashe mata duk abin da ke cin batir, har da bulutut, don ta cika da wuri ta kuma daɗe a hannun mai ita. Kowa haka yake yi wa, kyautatawa ce. Ni ban sani ba sai daga baya.

Laraba da safe na karɓo. Ina shigowa layi na hango motar haya a ƙofar gida, Baffa ya riga ni, da shi da ɗansa babba da direba. Hadari ya haɗo ta gabas, direban sai kallon sama yake yana cewa in ruwa ya sauka hanyar ƙauyen ba ta biyuwa.

Na shiga ɗaki a sunkuye. Na buɗe farin shafin kamar kullum, na jingine tablet a kan kujera, na ɗora wa Malam kibod. Da yake ya kwana ba a taɓa shi ba, sai na ce bari in tashe shi yadda na ga yarinyar ta yi. Na juya shi na danna madannin nan na riƙe. Shuɗiyar wutar ta fara ƙiftawa. Na tuna ranar farko, na tuna ta ce yauwa. Na ce, "Ya kama, Malam. Bismillah." Na fita.

Ƙiftawar nan nema ce. Kibod ɗin yana neman tablet bai samu ba. In ya samu, wutar tsayawa take ta mutu. Ranar farko ina can ina kallon hannun mijina, ban ga lokacin da ta daina ba.

Daga kicin na ji Baffa ya yi gyaran murya ya yi masa tambayar, da Hausa sannan da Fillanci. Sai na ji bugu ya fara. Na san ƙarar kowane irin madanni, na san dogon nan na tsakanin kalmomi, na san na gogewa. Ya buga ya buga, ya tsaya, na ji numfashinsa, ya goge kaɗan, ya ci gaba. Tun da ya kwanta bai taɓa yin ko rabin wannan ba. Ruwan da na ɗora ya tafasa har ya kusa ƙonewa ina tsaye. Baffa ba ya karatun boko, ɗansa ma haka, kuma bakin ƙofa na sa tablet ɗin ya kalla, inda zan durƙusa in karanta. Ba wanda ya dubi gilashin. Da na zauna a ɗakin, da tun harafin farko na gani.

Da bugun ya tsaya Baffa ya kira ni. Na durƙusa. Shafin fari fat, sai ɗan sandan nan da ke ƙiftawa a sama. Na shafa sama na shafa ƙasa. Baffa ya ce me ya ce. Na ce, "Baffa, bai fito ba."

Malam ya ji. Sautin da ya yi ban taɓa jin irinsa a bakinsa ba, kuma ba zan kwatanta shi a nan ba.

Na kira yarinyar, wayarta a kashe, tana aji. Na sake danna madannin, wutar ta sake ƙiftawa. Na cire batir na mayar. Na ce Malam ya daure ya taɓa ko harafi ɗaya mu gani, hannun yana kwance a kan kibod, ya jiƙe da gumi, ya kasa ɗaga yatsa. Maus yana cikin samira a saman kaina, ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba.

Baffa bai yi faɗa ba. Ya matsa kusa da ƙaninsa ya kama hannun, ya ce, "Mu je gida?" Malam ya rufe ido, hawaye suka gangaro ta gefe. Tun da ciwon ya same shi hawaye ba sa yi masa wuya, ko dariya zai yi suna zuwa. Baffa ya ce ƙaninsa bai ƙi ba. Na ce daga bakin ƙofa ko za a jira Asabar yarinyar ta zo ta gyara. Ya ce an riga an ɗauko mota, ga hadari. Ban maimaita ba. Shekara talatin da wani abu ban taɓa mayar masa da magana sau biyu ba, ranar ma bakina bai iya ba.

Na haɗa kayanmu a buhu, na sa magungunansa, na naɗe tablet da kibod a zani. Muka kwantar da shi a kujerar baya kansa a cinyata. Ruwa ya same mu bayan mun bar kwalta. Sau biyu aka fita aka tura motar.

Mutanen gidan sun yi iya yinsu, ba zan ɗauki alhakinsu ba. An share masa ɗaki, an kawo madara da ɗuminta, mai maganin ya zo ya shafa abin da zai shafa. Amma tun daga hanya zazzaɓi ya kama shi, ran Juma'a da safe na ɗaga hannun hagun na sake shi ya faɗi kamar na dama.

Yarinyar ta iso ran Asabar a bayan babur, taɓo har gwiwa. Ta buɗe zanin, ta ja gilashin daga sama, ta taɓa wata alama, ta taɓa sunan kibod ɗin. Shi ke nan. Ko minti ɗaya ba ta yi ba. Ta ɗora masa a cinya, ta ɗauki hannunsa ta aza a kai, ta ce Baba ga shi ya dawo. Yatsun suna nan inda ta ajiye su. Muka jira har aka kira azahar.

Kwana goma sha ɗaya ya ƙara. A can aka binne shi.

Mutane suna ce mini kwana ne ya ƙare, ko a Takur ko a Miga. Na sani, na kuma yarda. Abin da ban sani ba shi ne wanda ke zaune da ni. Mai cewa to, bugu biyu zai yi ya huta. Malam ya yi bugun da ya cinye masa sauran ƙarfinsa. Wataƙila haƙuri yake ba yayansa, yana zagaye don kada a'a ta fito tsirara. Wataƙila kuma ya yarda ne, ya san ba zai dawo ba, yana bar mana abin da zai bari, ni da yaran. Wani lokaci in ga wannan, wani lokaci in ga wancan.

Bayan na fita takaba muna kwashe kayan ɗakinsa, ni da yarinyar, sai ga kibod ɗin. Na daɗe ina juya maganar kafin na yi ta, don ina jin kunyar a ce ban san komai ba. Na ce mata ko irin waɗannan suna riƙe abin da aka buga a cikinsu, ko akwai mai gyara a Kano da zai iya buɗewa ya ciro. Ta ajiye rigar da take ninkewa. Ta ce a'a, Inna, ba ya ajiye komai, turawa kawai yake, in ba mai karɓa shi ke nan. Na ce ko kaɗan? Ta ce ko kaɗan.

Na ce to ta tafi da shi makarantarsu, yara su koyi bugu.