Taya Ce

A Maiduguri akwai maganar da baƙo ba zai gane nauyinta ba. Idan wani abu ya yi ƙara mai ƙarfi, kowa ya tsaya cak, mai shayi da buta a hannu, mai keke da ƙafa a kan birki, sai ka ji wani ya ce, "Taya ce." Daga nan a sauke numfashi, kowa ya koma kan harkarsa. Ba lallai ne mai faɗar ya ga tayar da ta fashe ba. A shekarun tashin hankali muka koyi faɗin haka, kuma a gidanmu da ke Gwange ni ce mai faɗa.

Mahaifina mutumin Kano ne, amma tun kafin a haife ni yake sayar da atamfa da laffaya a Kasuwar Litinin. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. Wata rana a cikin shekarun nan ya dawo gida da takalmi ƙafa ɗaya, rigarsa duk ƙura, kunnensa na hagu ba ya ji. Bai taɓa ba mu labarin abin da ya gani ba. Ya miƙa wa yayana makullin shago, ya shige ɗaki. Tun daga nan ba ya zuwa biki, ba ya zuwa suna, masallacin ƙofar gida ma sahun ƙarshe yake tsayawa, daidai bakin ƙofa. Duk sanda aka ji ƙara, kusa ko nesa, sai in leƙa ɗakinsa in ce taya ce, Baba. Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da jan carbinsa.

Gari ya lafa, mutane suka fara tuna cewa akwai abin da ake kira nishaɗi. Wasu malamai da masu sayar da littattafai suka haɗa ɗan bikin adabi a zauren makarantar da nake koyar da Hausa: karatun labari, waƙe, wasan kwaikwayo, da masu ganga da algaita. Aka sa ni cikin masu karanta gajeren labari. A wajen cin abinci na faɗa, ba don komai ba sai don a samu abin hira. Baba ya ajiye cokali ya ce zai zo.

Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Shi ya fara saya mini littafi, a gindin buhun atamfa yake ɓoyo shi don kada yayyena su yaga. Amma murnar ba ta kwana ba, domin washegari na zauna kallon gwajin wasan da za a yi kafin karatunmu. Wasan barkwanci ne, a kan wani mai keken haya mai ƙafa uku da ya ɗauko kayan lefe tare da dangin ango masu baƙar rowa, suna ta ciniki a hanya, har taya ta fashe musu a tsakiyar titi. Ana cikin dariya sai aka maka wa wani durom taɓarya a bayan labule. Na san idan Baba ya ji wannan ƙara a cikin taro, ya tashi ya fita, to ya koma ɗaki ke nan, kuma ba na jin akwai abin da zai sake fito da shi.

Mai shirya wasan abokin aikina ne, malamin Turanci, Babarbare ɗan unguwar Shehuri, mutumin kirki mai taurin kai kamar ƙofar gidan da. Hausarsa lafiya lau take har sai ransa ya ɓaci, daga nan mace ta koma "ka" a bakinsa. Na roƙe shi ya cire dukan durom ɗin, ya ce idan an cire taya me ya rage a wasan. Na ce to a sanar da mutane tun kafin a fara, ya ce wa yake dariya ga abin da aka riga aka gaya masa. Na ce a sa karatunmu a gaba, ya ce 'yan wasan ɗalibai ne, dole su koma gida kafin la'asar. Nan fa na hau shi da faɗa, na ce masa wanda bai ajiye tsoho a gida ba shi ke wasa da irin wannan.

"Malama, ka saurare ni," in ji shi. "Ni ma ina da tsohuwa a gida. Shekara nawa wannan ƙara tana sa mu gudu? Sau ɗaya dai a bar mu mu yi mata dariya."

Na fita ban yi masa sallama ba.

Kwanakin da suka biyo baya a cikin saƙa da warwara na yi su. In gaya wa Baba a gida, ya fasa zuwa. In bari sai mun zauna in gaya masa, ya yini yana jiran ƙara, wanda ya fi jin ta azaba. Ga shi har ya sa an wanke masa babbar riga an kai bugu, ya aika an gyaro hularsa. Daga ƙarshe na yanke dabara: da zarar 'yan wasa sun hau kekensu na kwali, zan ce masa ya zo in nuna masa littattafai a waje, mu yi nisa da zauren har a wuce wurin. Na ji daɗin wayona ƙwarai.

Ranar bikin rana ta buɗe sosai. An jera tebura a inuwar darbejiya, littattafai a kai an danne su da duwatsu, ƙamshin turaren wuta yana tashi daga laffayar mata. A bakin get ana laluba jakunkuna. Baba ya ɗaga hannuwa aka shafa shi da na'ura, muka shiga. Mai shirya wasan ya hango mu, ya zo ya durƙusa yana wushe-wushe, irin gaisuwarsu, Baba ya sa masa albarka. A wajena kuwa harara ya samu.

Mun zo da wuri, don haka Baba ya samu kujerar da yake so: layin ƙarshe, can gefen dama, ƙofa a buɗe kusa da kafaɗarsa. Ni na zauna a hagunsa. Masu algaita suka yi nasu, wata yarinya ta rera waƙe, aka tafa mata. Ban ji ko baiti ɗaya ba. Idona yana kan labule, takardun labarina a hannuna.

Aka fara wasa. Dangin ango suka fito da akwatuna, uwar tafiya tana rantsuwa ba za ta ƙara ko sisi ba, mai keke yana rama mata da Hausa rabi Kanuri rabi. Sai na ji wani sauti a gefena da na manta kamanninsa. Baba ne yake dariya, har yana dafe hula. Suka hau keke. Na matsa na raɗa masa ya zo mu ga littattafai. Ko motsi bai yi ba. Na sake faɗa, shiru. A nan na gane wautata: kujerar bakin ƙofa ta ajiye ni a wajen kunnen da ba ya ji. Shekara da shekaru ina zagayawa dama idan zan yi masa magana, yau tsoro ya mantar da ni. Na taɓa hannunsa na nuna ƙofa, ya ture hannuna ba tare da ya kalle ni ba, wai in bari ya ga ƙarshen matar nan.

Abin da ban lissafa ba shi ne lasifika. Ranar gwaji babu ita. Yau kuwa wani ya ajiye abin magana daf da durom ɗin. Da taɓarya ta sauka, ƙarar ta daki bango ta dawo, tagogi suka amsa. Zauren ya yi tsit. Wata mata ta ja salati, kujeru suka yi ƙara, wasu a gaba suka duƙa.

Ni da na san da zuwanta, ni da na kwana ina jiranta, ban san sanda na miƙe ba. Na tsinci kaina ina ƙoƙarin tsallake ƙafafun Baba zuwa ƙofa, takarduna a warwatse a ƙasa. Sai na ji an riƙe gefen mayafina.

"Taya ce, Uwata. Zauna."

Bai ɗaga murya ba, amma cikin shirun nan na kusa da mu suka ji. Wani dattijo a gabanmu ya maimaita, wani ya karɓa, maganar ta bi layi-layi har gaba. A kan dandamali mai keke ya duƙa yana duba tayarsa ta kwali, uwar tafiya ta ce ai ba za ta biya kuɗin rabin hanya ba. Dariya ta ɓarke, irin wadda ake yi da ƙwalla a ido. Na zauna. Hannun Baba yana kan mayafina, bai saki ba, bai kuma kalli ƙofa ba.

Da dariyar ta lafa, ya sunkuyo wajena.

"Wannan kam na gan ta da idona," ya ce. "Ba irin taki ba."

Na kalle shi. Ashe duk shekarun nan ya sani. Ya san ranakun da taya ce, ya san ranakun da ba ita ba ce, yana gyaɗa mini kai ne don ni in samu in koma ɗaki in yi barci. Na duƙa ina tsince takarduna don kada ya ga fuskata.

Bayan la'asar aka kira ni. Na hau dandamali da takardu masu sawun takalmi, na wuce mai shirya wasan yana murmushin da ya san zai ƙona mini rai. Na gyara abin magana, na ɗaga kai ina neman layin ƙarshe. Baba ya miƙe tsaye, na zaci fita zai yi. Sai na ga ya kama kujerarsa ya juya ta, don kunnensa mai ji ya fuskanto ni. Ya zauna, ya gyara riga, ƙofa tana bayansa.