Faifaina a Motar Mudir

Ranar da Abu Nawaf ya gasa mini faifai har yau ba ta fita raina ba. Ku da kuka shigo shagon nan na unguwar Ƙurban kuka tarar ana sayar da cajar waya, ku sani da can shagon kaset ne. Aikina shi ne ɗaukar sauti daga faifai zuwa kaset ɗaya da muke kira asali, daga asalin nan ake buga na sayarwa.

Faifan nawa ne, ba na shago ba. Wani ɗan'uwana mai aikin jirgin ruwa ya kawo mini daga Jidda ina saurayi, lokacin bai daɗe da fitowa a Amurka ba. Ƙarami ne, waƙa ɗaya gaba ɗaya baya, kiɗan fank na baƙaƙen can. Ganga ce ke buɗe shi ita kaɗai, sai jita mai kauri ta biyo. Duk mako wata tashar waje tana jero waƙoƙin da suka fi tashe, ni kuma da ban gama firamare ba ina manne da rediyo, lamba kawai nake ganewa. Ina ji waƙar faifaina tana hawa har ta kai ta biyu. Wata waƙar soyayya mai jan majina ta tare ta, daga nan ta gangaro. Abin da mawaƙin ke faɗa kuwa har gobe ban sani ba, amma ina rera shi da ƙarfin hali.

Da aka tashi daina kaset, Abu Nawaf, ɗan mai shagon da ya zama mudir, wato manaja, ya ce, "Ya Ammi Sale, kawo faifan nan in kai unguwar Harra, akwai mai zuba irinsu a kwamfuta." Ammi yake ce mini, wato kawu.

Na ce, "Kada ka bar shi a mota."

Ya ce, "Abshir," wato in kwantar da hankalina.

Tsakiyar zafi ne. Ya ɗora shi a gaban mota, ya tsaya azahar a masallacin Ƙuba, ya zarce cin abinci gidan surukansa. Bayan la'asar ya miƙo mini abu a lanƙwashe kamar gurasa.

"Ma'alesh, yi haƙuri ya Ammi. Ai waƙar tana cikin jawwal." Ya latsa waya ya kunna.

Na ce, "Wannan ta babban faifai ce da suka sake daga baya. Ina gangar farko?"

"Duk ɗaya ne."

Gasawar ba ta ƙona ni kamar wannan maganar ba. Ubansa ya ci abinci da kunnen mutane, shi kuma wai duk ɗaya ne. Na janyo kujera na ce ya zauna. Na ɗora faifan a na'ura, allura tana hawa tana sauka, mawaƙin yana gurnani kamar raƙumi mai ciwon ciki. Ya yunƙura zai tashi, na riƙe hannun rigarsa.

"Zauna, ɗana. Akwai baya ma."

Ya ji gaba, ya ji baya, masu sayayya suna leƙe.

Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan akwai mai saurare, akwai mai sayarwa kawai, kuma yawanci na biyun ne ke riƙe da makullin shago. In abu guda ɗaya ne tak a hannunka, kai shi da ƙafarka, ko mudir ne ya ce kawo.