Baba Dabo, Manomin da Ya Gane Yunwar Murjani

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, 14 ga watan Maris na 1978, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Dabo, mutumin garin Babban Mutum, mai kula da lambun gidan baƙi na Alhaji Mainasara ɗan kwangila a nan Daura, bayan jinyar kwana tara. An yi masa sutura bayan azahar.

Ni Kalilu Ya'u, wakilin wannan gida, wanda ya karɓi takardar shaidar yaƙi da jahilci a watan jiya, ni na rubuta wannan da hannuna, ba wanda ya riƙe mini alƙalami. Na faɗi haka ne domin a san cewa duk abin da ke ciki shaidata ce, kuma ni zan amsa shi.

Baba Dabo, shekara shida muka yi a gida ɗaya ban taɓa jin ka ɗaga murya ba. Babu gidan ma'aikaci a unguwarmu da ba a ci zogalen da ka dasa ba. Da aka buɗe ajin manya bayan la'asar, kai ka ce in je, ka riƙa tsare mini ƙofar baƙi har in dawo, alhali kai kanka ba ka san baƙi ko ɗaya na boko ba. Amma babban alherinka gare ni yana wajen akwatin gilashi, kuma dole in bayyana shi ga wanda bai taɓa gani ba.

Da kwangilar hanya ta buɗe wa Alhaji, ya sayo wani akwatin gilashi daga Ikko, tsawonsa ya kai gado, aka kafa shi a falon baƙi. A cikinsa akwai ruwan gishiri irin na teku, da kifaye bakwai masu launi, da murjani mai rai. Mu da muka san murjani a wuyan amare kawai, ranar muka ji cewa halitta ce mai ci, mai girma, mai mutuwa. Wani ja, wani kore, wani kamar ƙunshi. Baƙi daga Zango har Kongolam suna zuwa kallo. Aka damƙa mini amanarsa, da buhunan gishirinsa, da injin tace ruwansa.

Na riƙe shi yadda aka koya mana riƙon randar sha. Duk kwana biyu in kwashe rabin ruwan in haɗa sabo. Kullum in wanke matatar injin, in goge gilashi har ya yi ƙara. Kifin kuwa na rage musu abinci, don kada su ɓata ruwa. Ruwa ya yi garau, ka ce babu shi. Sai murjani ya fara koɗewa. Ja ya koma ruwan hoda, kore ya koma fari-fari. Na ce dauɗa ce ta rage, na ƙara wanki, shi kuma ya ƙara fari.

Ana gobe Alhaji zai tashi aikin hajjin bara, ya tsaya gaban akwatin ya daɗe. Ya ce, "Kalilu, idan na dawo na tarar da farin dutse, ka nemi wani gidan." Ina da iyali tara, kuma a garin nan an san ni da wannan matsayi.

Washegari ka shigo ba furannin falo ruwa, ka same ni da tsumma a hannu. Ka ce, "Wakili, gawa kake wankewa ne kullum?"

Na ce, "Baba, wannan aikin ilimi ne, ba noman gero ba."

Ka yi dariya ka ce, "To mai ilimi, a garinmu idan an kwashe amfani, dami biyu muke ba Bafulatani ya zaunar da shanunsa a gonarmu. Ba nono muke saye ba, abin da suke bari a ƙasa muke saye. Ga shanunka nan guda bakwai suna yawo a ruwa. Ka hana su ci, wanda suka zubar kuma ka share. Gonar da aka share ƙal, jigawa ce. Abin nan ba dauɗa ke damunsa ba, yunwa ce."

Na ji haushi, amma ba ni da wata dabara. Na sakar maka.

Ka sa Inna Kubura, mai ɗakinka, ta daka busasshen jatan lande. Ka fara ba kifin rabin murfin kwalbar lemo, safe da la'asar, sai bayan mako ka cika murfin. Ka hana ni canjin ruwa sai Juma'a biyu sau ɗaya, shi ma kashi ɗaya cikin goma. Matatar injin ka ce a bar ta ta kwana bakwai. Ma'auninka kuwa gilashin ne da kansa: idan kwana uku suka wuce babu ɗan kore-kore a jikinsa, ruwa na jin yunwa, idan ya yi kore a yini ɗaya, an wuce gona da iri. Rannan gaggawa ta kama ni, na zuba murfi huɗu a bayan idonka. Gansakuka ta taso ta fara rufe murjanin. Ba ka yi mini gori ba. Ka tuɓe riga, ka sa hannu kana tsince ta ɗaya-ɗaya, kana cewa, "Taki ma in ya yi yawa ƙone shuka yake yi. Mai jinya da kunu ake fara masa, ba da tuwo ba."

A mako na biyar jan ya fara dawowa daga gindi, kamar tsiron gyaɗa bayan ruwan fari. Rassa biyu sun riga sun mutu, sauran suka rayu.

Yanzu na zo wurin da alƙalami ke mini nauyi. Alhaji ya dawo, falo cike da masu barka da sauka. Ya dubi akwatin, ya kama hannuna ya ɗaga, ya ce, "Ga amfanin mai ilimi a gida." Ya ba ni babbar riga ta shadda. Kana tsaye a bakin ƙofa da bokitinka, Baba. Na gan ka, ka gan ni, na yi shiru. Da yamma muka haɗu a lambu, abin da ka ce kawai shi ne, "Riga ta karɓe ka, Wakili." Na yi wa kaina alkawarin in na gama aji zan rubuta gaskiyar a takarda mai kyau in miƙa wa Alhaji. Na gama aji, ina ta jiran hannuna ya ƙara kyau, ajali bai jira ba.

Ranar sadakar bakwai na naɗe rigar, na sami Alhaji a zaure gaban mutane, na faɗi komai, na ce ko aikin ne a karɓe. Ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya ce, "Kalilu, tun ranar na sani. Na gaisa da ku duka biyu, hannun Dabo ne ke ƙarnin jatan lande, naka sabulu yake ƙamshi. Na kira shi na tambaye shi, ya roƙe ni in bar maka, ya ce kai ke da iyali da yawa. Jira nake ka faɗa da bakinka." Ya ce in koma bakin aikina. Rigar kuwa na kai ta Babban Mutum, na miƙa wa babban ɗanka Zailani, domin ta ubansa ce.

Ma'auninka na rubuta shi na manna a gefen akwatin, da sunanka a sama da manyan baƙaƙe. Yau da safe na ba kifin murfi ɗaya, ban ƙara ba.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Dabo, Ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini, Ka yalwata kabarinsa, Ka shayar da shi daga tafkin Alkausara, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Kubura, da Zailani, da Haulatu da ƙannensu, da Alhaji Mainasara, da dukan jama'ar Babban Mutum. Allah Ya ba ku haƙurin rashinsa, Ya albarkaci bayansa. Mu kuma idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, ba mu bar gaskiyar kowa a bakinmu ba. Amin.

Kalilu Ya'u, Daura.