Jarin Gyaɗar Matan Tarauni

Ina sabuwar aure a Tarauni, 'yan shekaru kafin a samu mulkin kai, muka haɗa jari mu matan unguwa masu soya ƙuli-ƙuli. Kowacce ta kawo abin da ta tara, muka danƙa wa yayan mijina, ya riƙa sayen gyaɗa da kaka yana ajiyewa, in ta yi tsada ya sayar a raba riba.

Duk shekara sai ya zauna a zaure, ya aiko wa kowacce da rabonta, ya ce a gaya mana bana ta fi bara. Gaskiya ne, tana fi. Mu kuwa sai godiya.

Suna ne ya kai ni Gyaɗi-Gyaɗi, gidan 'yar ƙanwar mahaifiyata. Su ma sun haɗa irin namu, kakar da muka fara suka fara, jarinsu ma bai kai namu ba. Ta ja ni bayan gida ta nuna mini saniya da ɗan maraƙi, ta ce ribarta ce. Ni abin da na samu bai wuce akuya ba. Na tambayi matan ɗaya bayan ɗaya. Mai juya musu kuɗi, in ji su, yakan jira sai bazara, ya ɗora wa jakuna ya kai har inda kamfani ke awo. Namu tun ana sanyi yake sayar wa surukinsa, wani dillali, a ƙofar gida, a kan farashin da surukin ya yanka.

Ko tuwon sunan ban ci ba. Na dawo na sami yayan mijina a zaure, na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da na gani.

Ya ce, "Kin taɓa yin asara a hannuna?"

Na ce, "Ban yi ba, Yaya. Amma gyaɗa ɗaya ce, damina ɗaya ce. Me ya sa tasu ta haifi saniya?"

Ya yi dariya, ya ce mace mai leƙa tukunyar wasu ba ta ƙoshi. Dariyar nan har yau ban manta da ita ba. Da kuɗinmu yake gyara zumuncinsa, kuma mu ne masu godiya.

Abin da ya fi ƙona mini rai matan ne. Na tara su na yi musu bayani, babbarmu ta ce, "Ke yarinya, tunda tana ƙaruwa, mene ne na tone-tone?" Sauran suka bi bayanta.

Na karɓe jarina na kai Gyaɗi-Gyaɗi. Mijina ya daina cin abincina har aka yi girbi, dangi suka riƙa kirana abin da yanzu ake cewa mai idon cin naira, tun ba a san naira ba. Daga baya biyu daga cikin matan suka biyo ni a ɓoye, suna roƙon kada in faɗa. Na kai su. Ban daina gaishe su ba, amma ban ƙara zama a tabarmarsu ba.