Sunan Ɗaso Ba Surutu Ba Ne

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar Alhamis, tara ga watan Rajab, Allah Ya karɓi ran Wada Mai Jita, ɗan goggona Ɗaso, taubashina, a wani asibiti a nan Makka. Bayan La'asar aka sallace shi a Harami, aka kai shi makwancinsa.

Wada, ka tafi ka bar ni ba abokin tsokana, ka kuma bar ni da fushi. Fushin ne ya sa na ɗauki biro, ni da ban yi nisa a makaranta ba.

Yaran yanzu sun san ka tsoho mai sanda a ƙofar kantin Zali. Ba su san kai ka fara shigo da jita mai lantarki unguwar Mansur ba. Wajen wani ma'aikacin jirgin ruwa ka samo ta a Jidda, ka naɗo ta cikin bargo kamar jariri don kada dattawa su gani. Kiɗan nan na Amurka da ake cewa rok-an-rol, kai ka fara ɗora masa Hausa, kana karkaɗa ƙafa kamar wanda kunama ta harba. A bikina ka kaɗa har wutar layinmu ta ɗauke, angon ya daɗe ba ya amsa gaisuwarka. Amma bikin marainiya bai taɓa wuce ka ba. Ka zo da jitarka, ka zo da buhun shinkafa, ka ce wani ne ya aiko ka. Ƙaryarka ke nan da na sani, Allah Ya sa ta a mizani.

Waƙar da aka fi saninka da ita, amshinta kiran tallan mahaifiyarka ne: "Ɗaso ta sauke, a zo da kwano!" Da wannan kira ta sayar da koko da ƙosai a bakin titi, ta ciyar da ku bayan rasuwar babanku. Ka ce muddin ana rawa, sai an ambaci sunanta.

To, sai ga jikanka Muhannad ya haɗa fim a kanka. Ya tara tsofaffin abokan kiɗanka a wani zaure a Jidda, ka hau dandamali na ƙarshe, aka ɗauka. Ranar nunawa kana kwance a asibiti, mu muka je. Na ga ka fito da rigar nan mai ƙyalli da na sha ce maka ta yi kama da takardar alewa, hawaye ya zubo mini. Da ka zo amshi, sai rubutun fassarar Larabci ya fito a ƙasan hoton. Jikata Hadil ta karanta mini: "Sauti ne kawai, ba shi da ma'ana." Muryar Muhannad ta biyo baya, wai kana kwaikwayon surutan mawaƙan Amurka ne.

Ba shi da ma'ana! Matar da hayaƙin murhu ya cinye wa ido! Da baƙo ne ya rubuta, da na ce bai sani ba. Amma Muhannad jininta ne, a gidan da ta gina aka yanke masa cibiya. Kakanni nawa gare shi a Mansur da zai tambaya? Bai tambayi kowa ba, don a kunnensa Hausa hayaniyar tsofaffi ce a kicin.

Washegari na zo duba ka, ka ce, "Taubashiya, an ji sunan Inna?" Na ce an rubuta surutu kake yi, abin da na daɗe ina faɗa. Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka. Daga nan ka juya fuskarka bango, ba ka sake tada maganar ba.

A wajen zaman makoki na tare Muhannad. Ya sumbaci kaina ya ce, "Ma'alesh ya sitti, halas, fim ya riga ya fita." Da Larabcinsu, wai in yi haƙuri, kaka, magana ta ƙare. Na ce, maigidana, fim ya fita, sunan kakar babanka ma ya fita, sai ka mayar da shi. Na sa ya faɗi sunan, ya ce "Daso". Ko harafin farko bai zauna a bakinsa ba. Za a ci gaba da nuna fim ɗin nan bayan duk mun mutu, kuma abin da aka rubuta a ƙasa shi za a yarda da shi.

Allah Ya jiƙanka, Wada, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa ka da Goggo Ɗaso a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Asiya, da 'ya'yanka Mukhtaru da Suhaila, da dukan jama'ar unguwannin Mansur da Utaibiyya. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu zuwan.

Kai kuwa Muhannad, taka ta'aziyyar tana hannuna. Ran da ka gyara rubutun nan, ka zo ka karɓa.

Saudatu, Mansur, Makka.