Topido a Shagon Imurana

Duk wanda ya zauna a unguwar Maamobi ta babban birnin Gana a shekarun casa'in ya san Imurana mai gyaran rediyo, wanda shagonsa ke bakin babbar kwata, kusa da mai gawayi. Gajeren mutum ne mai yawan dariya, kullum rigarsa na warin dalma. Bai yi nisa a boko ba. Ya koyi sana'a a hannun wani Bayarabe a Circle, can cikin gari, ya dawo unguwa ya buɗe nasa wurin, ya auri Mulikatu, suka hayayyafa a ɗaki biyu na gidan ubansa.

Abin da ya fi alfahari da shi a shagon shi ne bencin ƙofa. Kowace rana bayan la'asar mahaifinsa, Baba Hudu, yakan dogaro sanda ya zo ya zauna a kai da carbi. Tsohon soja ne na zamanin Turawa, kuma ba mai magana ba ne. Abu biyu unguwa ta san shi da su. Ba ya cin kifin teku, a garin da kifi ne mahaɗin kowane abinci. Sannan duk shekara, a watan Sha'aban, yakan sa a soya waina, wato masa, a kai masallaci sadaka, ya ce don mutanensu na ruwa. Imurana ne ke ɗaukar tiren, domin shi ne babba.

Sau ɗaya tak tsohon ya taɓa ba da labarin, ranar da suke dawowa daga binne mahaifiyar Imurana. Ya ce ita dai ta samu kabari. Daga nan ya faɗa masa yadda aka zuba su a jirgin ruwa lokacin yaƙi, da yadda jirgin saman Jamus ya zo musu da yamma, ƙasa-ƙasa kamar zai taɓa ruwa, daga wajen faɗuwar rana, inda hasken ya kashe wa masu bindiga ido. Ya saki wani dogon bam mai suna topido, wanda ke faɗawa ruwa ya taho da kansa. Suna tsaye suna kallon farin layin kumfa yana nufo su. Imurana ya saurara, ya share hawaye, rayuwa ta ci gaba.

Shekaru suka wuce. Ƙaninsa Mansuru ya aiko da kayan lantarki na hannu daga Hambug ta Jamus, a ciki har da tsohuwar kwamfuta. Imurana ya tashe ta, ya tarar da wasan yaƙi a cikinta. Rubutun duk Jamusanci ne, amma hannu ya koya masa abin da ido bai karanta ba. Kai ne matuƙin jirgin sama, a ƙarƙashinka topido, a gabanka jiragen ruwa. In ka yi sama da yawa bam ɗin ya karye, in ka matso da yawa a harbo ka. Ya daɗe ana harbo shi. Wata rana, yana shirin kashe na'urar don haushi, sai wata dabara ta faɗo masa. Ya kewaya ya sa rana a bayansa, ya sauko dab da ruwa, ya saki. Jirgin ya rabu biyu. Daɗi ya kama shi, bai tsaya ya tambayi kansa inda ya samo dabarar ba.

Nan da nan shagon ya zama wurin taro. Da tsakar rana yake wasan, kafin la'asar ya rufe kwamfutar da tsumma. Shi kansa bai taɓa tunanin dalilin da ya sa yake rufewa ba.

Wata Asabar aka cika, har da direbobin trotro, motocin haya, da ke jiran fasinja. Jamiu tela, abokin wasansa, yana ta tsokanarsa cewa mutumin da ko keke bai iya ba shi ne yau matuƙin jirgi, kuma sa'a ce kawai. Imurana ya nutsar da jirgi na biyu, ya juyo yana dariya.

"Wace sa'a, ɗan allura? Ta wajen rana ake zuwa musu, ba sa ganin komai. Tsohona ne ya koya mini. Haka aka yi musu."

Ba wanda ya yi dariya. Idon Jamiu na kan ƙofa. An idar da la'asar tuni, wasa ya ɗauke wa Imurana hankali bai ji kiran salla ba. Baba Hudu na tsaye da sandarsa, yana kallon gilashin kwamfutar, inda jirgin ke nutsewa cikin wani shuɗin ruwa mai kyau. Ya kalla har ya ɓace. Sannan ya tambaya a hankali ko akwai mutane a ciki. Imurana ya ce hoto ne kawai, Baba. Tsohon ya gyaɗa kai, ya yi wa jama'a sallama, ya juya. Bai zauna ba.

Washegari ma bai zo ba, haka jibi. Imurana na zuwa gaishe shi kowace safiya, ya durƙusa, tsohon ya amsa gaisuwa cikakkiya, ya tambayi aiki da yara, shi ke nan. Da ya zage shi da ya fi masa sauƙi. Sau da yawa ya buɗe baki zai roƙi gafara, sai ya rasa ta inda zai fara, domin faɗin laifin kamar sake yin sa ne. Ya cire wa kwamfutar waya ya tura ta ƙarƙashin tebur, ya ce wa masu tambaya ta lalace. Jamiu, wanda ba ya barin irin wannan ta wuce, bai ce mai gyara ya kasa gyara ba. Mai gawayi ta tambayi ko Baba lafiya. Mulikatu ba ta tambayi komai ba, ta riƙa ajiye masa abinci ta fita, ya gane labari ya kai gida. Benci na nan a ƙofa, kowa ya zo sai ya kalle shi.

Da Sha'aban ya kama, Imurana ya tabbata wani za a ba tiren, kuma unguwa duka za ta gani. Ranar sadaka ya yi sammakon tafiya shago don kada a yi a gabansa. Hantsi bai yi ba sai ga tsohon, Mulikatu na biye da tire a ka. Ta sauke a kan tebur ta koma. Baba Hudu ya zauna a bencin, ya nuna wa Imurana gefensa.

"Ashe kana riƙe magana," in ji shi. "Sau ɗaya na faɗa, ka riƙe. Ni kuwa kaina ya fara zuba. To riƙe wannan."

Ya fara kiran sunaye. Ziblim Dagomba, mai busa ƙaho. Sulemana Moshi, wanda bai taɓa ganin teku ba sai a tafiyar. Osumanu, wan Baba Hudu uwa ɗaya uba ɗaya, wanda Imurana bai taɓa jin an ambata ba. Yana faɗa Imurana na maimaitawa. A wani wuri tsohon ya tsaya, ya daɗe yana motsa leɓe, ya ce akwai wani dogo mai tsage a kumatu, sunan ya tafi. Suka bar shi a dogo mai tsage.

Baba Hudu ya ci gaba da zuwa bencin har shekarar da ƙafa ta hana shi. Bayan rasuwarsa Imurana ne ke sa a soya masar, shi ke ɗaukar tire, shi ke gaya wa liman sunayen. Mutane sun lura ba ya ɗaga kai in yana faɗa, kuma in ya zo kan dogo mai tsage yakan ɗan dakata kafin ya wuce.