Sabon Layin Ɗan Farin Iya Larai

Duk mai sayen ƙuli-ƙuli a kasuwar Daudawa ya san Iya Larai, gajeruwar tsohuwar nan da in ka taya kayanta da arha sai ta bi ka da faɗa har rumfar mahauta. 'Ya'yanta maza suna gida suna noma, ban da Maharazu da ke gadi a Legas. Shi ne ɗan fari, don haka bakinta bai taɓa kama sunansa ba. "Wancan" take cewa. Kakarsa ta raine shi. In ya bugo waya ƙannensa yake nema, ya ce a gaishe ta, ita kuma ta kau da kai kamar ba da ita ake ba. Kowa na yabon kunyarta.

Wannan kunyar ce ta buɗe wa wani la'ananne ƙofa, shi da bai ma san da ita ba.

Ana tsakiyar damina saƙo ya shigo wayarta. Ba ta karatun boko, sai ta leƙa wurin maƙwabciyarta Lidiya, mai ɗinki.

"Mi aka ce?"

"Wai, 'Mama, ni ne ɗanki. Wayata ta faɗa ruwa, ga sabon layina.' Iya, ba suna fa."

"'Ya'ya nawa gare ni a waje? Wancan ne."

"To bari in ce ya faɗi sunanshi."

"Daga wayata? A ce ni na aika ina neman sunanshi? Rufa mani asiri, ɗiyar nan."

"To mu kira shi ku gaisa."

"Ni da shi? Kin taɓa gani?"

Ta kuma hana Lidiya gaya wa ƙannen, kada a ce tsohuwa ta zubar da girma tana rawar kai a kan ɗan fari.

Ɓarawon ya iya aikinsa, Allah ya isa. Bai nemi ko sisi ba da farko. Kullum da safe sai gaisuwa: "Mama, kin tashi lafiya? Kin ci abinci?" Iya Larai ta zauna a kan buhun ƙyallaye, ta rufe rabin fuska da mayafi, tana faɗa Lidiya na rubutawa. Ta ba shi labarin ciwon gwiwarta. Ta gaya masa ranar da kakarsa ta ɗauke shi, ta shiga bayan rumbu ta yi kuka ba wanda ya sani. Maganar da ta riƙe tun tana amarya, a kunnen ɗan damfara ta ƙare.

Daga nan sai roƙon katin waya. Daga kati sai, "Mota ta buge ni, ƙafa ta karye, asibiti sun ƙi taɓa ni."

Lidiya ta tsayar da keke. "Iya, wallahi wannan ba ɗanki ba ne. Na kira ya ƙi ɗauka."

"Yana jin kunyata ne."

"Kunya ko sata?"

"Ke dai kin iya ɗinki, ba ki haifi ɗan fari namiji ba."

Ranar kasuwa ta ja tunkiyarta mai ciki ta sayar, ta kai wa mai tura kuɗi kuɗin da lambar asusun da ɓarawon ya turo, da kanta.

Da kaka ta yi, Maharazu ya sauka daga mota da ƙafafunsa biyu garau. Iya Larai ta dubi ƙafar, ta juya wa ƙaninsa Gide. "Tambaye shi, ɗorin ya kama?"

"Wane ɗori?"

Kafin la'asar gida ya ɗauka. Maharazu ya karanta saƙonnin yana huci, ya yi kan Lidiya. "Ke da kika yi makaranta! Kina zaune aka yashe ta!"

"Kar ka sake ka ɗaga mani murya, Maharazu. Yaushe rabonka da tambayar ko ta ci abinci? Ɓarawo ya riga ka, shi ne kake jin haushi."

"Al'ada ce ta hana ni!"

"Al'ada ta hana ka aiko Gide ya duba gwiwarta?"

Iya Larai na bakin ƙofa. Ba ta dube shi ba, bango ta fuskanta, amma duk unguwa ta ji. "A ce mashi tunkiya tawa ce. A ce mashi wanda ya cuce ni ya fi shi sanina."

Ya zare layin wayar Iya ya karya, washegari ya koma Legas ba sallama.

Har aka gama sussuka wayar Iya ba ta yi ƙara ba. Ta bar zuwa kasuwa. Sai wata safiya wayar Lidiya ta yi kuka, baƙuwar lamba.

"Maharazu ne. Ki ce mata... ki tambaye ta gwiwar."

"Ni 'yar aikenku ce? Ga ta nan."

Ta danna wa tsohuwa wayar a kunne. Iya Larai ta riƙe da hannu biyu. Ba abin da take ji sai ƙarar motocin Legas da numfashinsa.

"Ku yi magana mana!" Lidiya ta buga keken da tafin hannu. "Kati na tafiya!"

Iya Larai ta yi mata alama ta yi shiru, ta ƙara manna wayar a kunne.